Ƙafar Baya ta Dama

Ranar wata Juma'a, ƙarfe ɗaya da minti goma na rana, wani mutum a Madabo ya ɗauki surukinsa a mota zai kai shi masallaci.

Shekara tara ke nan yana wannan hidimar. Shi ne mijin babbar 'ya, saboda haka duk Juma'a shi ke kai Alhaji Isyaku masallaci, shi ke dawo da shi. Gidan mutumin yana bakin layi, na Alhaji yana can ƙarshen layi. Alhaji mutum ne mai jiki. Ba ya zama ko'ina a motar sai kujerar baya ta hannun dama, kuma ba ya magana a hanya sai ta kama.

A satin ne wani mai adaidaita sahu ya kusa buge wata tsohuwa a layin. Aka zauna aka ce a yi tudun siminti guda ɗaya don a rage gudu. Ba a faɗi ƙofar gidan wa za a yi shi ba. Kafin Alhamis akwai tudu biyar. Na tsakiya shi ne babba, a gaban shagon Salihu mai kayan masarufi, daidai inda majalisar layin ke zama.

Mota ta hau tudun farko. Gaba ya wuce lafiya. Baya ya zo, sai aka ji ƙurrr, ta ɓangaren dama.

Alhaji ya ce, "Tsaya."

Mutumin ya tsaya. Alhaji ya buɗe ƙofa ya fita, mota ta ɗago. Ya ce, "Wuce." Mota ta wuce tudu shiru. Alhaji ya tako da ƙafa, ya shiga, ya rufe ƙofa.

Haka aka yi a tudu na biyu. Haka aka yi a na uku, 'yan majalisa suka miƙe suka gaishe da Alhaji, suka koma suka zauna suna kallo. Biyar a tafiya, biyar a dawowa. Da suka iso ƙofar gida Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Allah ya yi albarka. Na gode da rakiya."

Bayan la'asar matar mutumin, Sa'adiyya, ta dawo daga gidan mahaifinta. Ta ajiye mayafi ta ce, "Baba ya karɓi lambar Nazeer."

Nazeer shi ne mijin autar gidan. Shekararsa biyu da aure, kuma yana da doguwar jif.

Mutumin ya ce, "Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya dai sa an rubuta masa lambar da manyan baƙi."

"Shekara tara, Sa'adiyya."

"Gwiwarsa ce, Malam. Likita ya ce ya riƙa tattaki, amma bai ce ya riƙa hawa da sauka sau goma ba. In aka sake yin haka Juma'a mai zuwa, ni dai ba ni da bakin magana."

Ranar Asabar ƙarfe tara ya tafi Ƙofar Ruwa wurin bakanikensa, Mikail. Mikail ya danna bayan motar da hannu, ta sauka, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ya ce, "Kayan ƙafa ne sun gaji. Sifirin da shokozoba. A canja na baya duka biyu, in da hali a haɗa da na gaba."

Mutumin ya ce, "Wuri ɗaya ne ke daka ƙasa. Baya, dama."

"Na ji. Amma ba a canja ƙafa ɗaya."

"Sauran ukun me suka yi?"

"Ba su yi komai ba. Tare suke aiki."

"In haƙori ɗaya ke maka ciwo, duka kake cirewa? Ni ba irin nata nake so ba ma. Irin nata ai shi ne ya gaza. Mai ƙarfi nake so, na babbar mota, a sa a wurin nan kawai."

Mikail ya goge hannunsa da tsumma ya dube shi. "Za ta karkace, Malam."

"In babu kowa a ciki za ta karkace. In an zauna za ta daidaita. Ai lissafi ne."

"To ba da hannuna ba. A unguwar nan nake cin abinci."

Mutumin ya ce shi ma yana da hannu. Ya shiga cikin kasuwa, ya sami wani mai sayar da kayan ƙafa 'yan Beljiyam, ya yi masa bayani. Mai shagon bai yi gardama ba. Ya ce akwai kala-kala, ya danganta da nauyin da za a ɗora.

"Kayan me kake ɗauka?"

"Kaya ne mai daraja."

"Siminti?"

"Subhanallahi. A'a."

"Dabba?"

"Ka iya bakinka, bawan Allah."

"To kilo nawa?"

Nan mutumin ya tsaya. Bai sani ba. Ya ce zai dawo.

A gida ya zagaya, ya zagayo, ya tambayi Sa'adiyya ko ta taɓa jin an faɗi nauyin Baba a asibiti. Ta ce, "Mahaifin nawa kake so in ɗora a sikeli?" Ya ce a'a, hira ce kawai. Ta ce to a canja hira.

Ya zauna a soro yana tunani, sai abin ya faɗo masa. Shekara tara yana rufe wa Alhaji ƙofar mota, kuma bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskarsa ba, don kunya. Ƙasa yake kallo. Abin da ke ƙasa a wurin kuwa tayar baya ce ta dama. Ya san ta fiye da yadda ya san fuskar surukinsa. In babu kowa a motar, tsakanin taya da bodi tafin hannu guda ne. In Alhaji ya zauna, yatsa biyu ne.

Ranar Lahadi da hantsi ya kai motar ƙofar shagon Salihu ya ce a ara masa buhunan shinkafa na ɗan lokaci.

Salihu ya ce, "Aro? Shinkafa?"

"Ba ci zan yi ba. Awo zan yi."

Dole ya yi masa bayani, a hankali, bayan ya sa shi ya yi alƙawarin ba zai gaya wa kowa ba. Salihu ya ce ai shi kabari ne. Suka kamo buhu na farko. Salihu ya nufi but ɗin motar, mutumin ya ce a'a, kujerar baya, dama. Ya riga shi zuwa ya buɗe ƙofar, ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Salihu zai wurga buhun, ya ce, "A hankali mana."

Buhu ɗaya, yatsa huɗu ya rage. Buhu biyu, yatsa uku. Aka ƙara ƙaramin buhu, wato rabi. Mutumin ya durƙusa ya sa yatsu. Biyu sun shiga, amma akwai ɗan sarari.

Ya ce, "Da saura."

Salihu ya ce, "Haba Malam. Alhaji ba zai wuce haka ba."

"Kawo jarkar mangyaɗa."

"A bar jarkar nan. Dattijo ne."

"Yatsana ba ya son kai, Salihu. Kawo."

Aka ɗora jarka a kan buhuna. Yatsa biyu cif. Mutumin ya ciro takarda ya rubuta: buhu biyu, rabi ɗaya, jarka ɗaya. Bai rubuta suna ba.

Ranar Litinin ya koma Ƙofar Ruwa da takardar. Mai shagon ya karanta, ya shiga ciki, ya fito da sifirin na a-kori-kura da shokozobarsa. Kaurin ƙarfen ya kai babban yatsa.

Ya ce, "Wannan ko shanu ka ɗora ba zai ce komai ba."

Mutumin ya ce, "Na gaya maka ka iya bakinka."

Ya ɗauki hutun kwana biyu a ofis. Ranar Talata ƙarfe bakwai da rabi ya shimfiɗa kwali a ƙofar gida. Ya jera sifana bisa girma, daga ƙarama zuwa babba. Ya kawo jak da bulo huɗu da kwanon da zai riƙa zuba noti. Ya jingina waya a jikin bulo ya kunna bidiyon wani Bature da ke canja sifirin a cikin minti goma sha ɗaya. Baturen yana da injin ɗaga mota, da injin kwance noti, da fili. Babu wanda ya zo wucewa ya gaishe shi.

Mutumin kuwa a layin da aka haife shi yake. Ya shiga ƙarƙashin mota ke nan wani dattijo ya yi sallama. Ba a amsa wa dattijo a kwance. Ya fito, ya durƙusa, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki, aka tambayi zafi. Ya koma. Wani ya zo. Kafin azahar ya fito sau goma sha huɗu, ya kwance noti uku. Ɗaya daga ciki ya kwance shi sau biyu, domin bayan wata gaisuwa ya manta ya mayar da shi ya ɗaure.

Da la'asar tsohon sifirin ya fita. Ya ajiye shi kusa da sabon. Sabon ya fi shi tsawo da kusan taƙi guda.

Ranar Laraba aka zo sakawa. Sabon ya ƙi shiga. A bidiyo Baturen ya ɗauko wani ƙarfe mai ƙugiya biyu ya matse sifirin ɗin har ya gajarta, sannan ya zura shi. Mutumin ya mayar da bidiyon baya sau shida. Ba shi da wannan ƙarfen. Yana da igiyar da aka ɗaure ragon layya da ita, kuma ragon bai tsinka ta ba.

Ya tsayar da sifirin a ƙasa, ya ɗora katako a kai, ya hau ya zauna. Ya sauka kaɗan. Ya kira Salihu ya hau shi ma. Ya sauka sosai. Ya zura igiya ya ɗaure gefe ɗaya, ya ɗaure na biyu. Salihu ya koma shago. Mutumin yana riƙe da bakin igiya zai ƙulla gefe na uku sai ga limamin unguwa ya zo wucewa, ya miƙo hannu.

Ba a ba liman hannu ɗaya.

Sifirin ya tashi. Ya wuce saitin hular liman, ya wuce wayar lantarki, ya haye katangar maƙwabta. Aka ji ƙara daga ciki, sannan kaji, sannan shiru.

Liman ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya ce, "Allah ya taimaka," ya wuce.

Gidan Larai ne, mai ɗanwaken sayarwa, kuma gidan matan aure ne, namiji ba ya shiga. Mutumin ya tsaya a soro ya yi sallama sau uku ba a amsa ba. Ya dawo ya roƙi Sa'adiyya. Ta saka mayafi ta tafi. Ta yi rabin awa, ta dawo da sifirin a cikin baho, an wanke shi.

Ya ce, "Ya ji wa wani ciwo?"

"A turmi ya sauka."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba komai, maƙwabtaka ce. Amma in zai sake zuwa ya yi sallama, akwai mata a tsakar gida."

Karo na biyu da sarƙar janareto ya ɗaure shi, kuma ya jira sai da aka shiga sallar azahar layin ya yi shiru, ya yi tasa daga baya. Sifirin ya shiga. Shokozoba ta shiga. Ya ɗaure kowane noti, ya sa masa alama da alli don kada gaisuwa ta sake raba su. Ƙarfe biyar da kwata ya mayar da taya ya sauke jak.

Mota ta tsaya. Bayanta na dama ya yi sama, hancinta na hagu ya yi ƙasa, kamar mai leƙen wani abu a cikin kwata.

Sa'adiyya ta leƙo daga soro ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ba ka cire jak ɗin ba."

Ya ɗaga mata jak ɗin a hannunsa.

Ta koma ciki.

Ranar Alhamis aka yi gwaji. Ya kai motar shagon Salihu, aka ɗora buhu biyu da rabi da jarka a mazauninsu. Mota ta sauko a hankali ta daidaita. Ya cika kwanon sha da ruwa ya ɗora a kan rufin. Ruwa ya tsaya daidai da baki ta kowane gefe. Ya shiga ya ja, ya faro daga bakin layi. Tudu na ɗaya, shiru. Na biyu, shiru. Na uku, babban, shiru. Ya je ƙarshen layi ya dawo, tudu goma, ko ƙis. 'Yan majalisa suka ce ma sha Allahu. Wani ya ce wa buhunan a sauka lafiya. Mutumin ya dubi Salihu. Salihu ya dubi sama.

Ya mayar da shinkafa da mangyaɗa, ya wanke mota, ya fesa turare a kujerar baya.

Ranar Juma'a ƙarfe ɗaya daidai ya isa ƙofar gidan Alhaji, yana tuƙi a karkace, kafaɗarsa manne da ƙofa. Ya fito ya buɗe ƙofar baya ta dama, ya koma gefe, ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya fito tare da yayansa, Malam Ɗalha, wanda ya zo daga Shahuci duba shi. Malam Ɗalha tsoho ne siriri, iska mai ƙarfi tana iya canja masa hanya.

Alhaji ya dubi ƙofar da aka buɗe ya ce, "A'a. Na yi tunani a kan abin nan duk satin. Baya ne ke daka ƙasa. Bai kamata in riƙa wahalar da kai ba. Yau gaba zan zauna. Yaya, bismillah, shiga nan."

Malam Ɗalha ya ɗaga ƙafa, bai kai ba. Ya sake ɗagawa. Sai da mutumin ya tallafa masa ya hau. Ya zauna. Mota ba ta san an zauna ba.

Mutumin ya ce, "Baba, gaba akwai rana."

Alhaji ya ce, "Akwai gilashi."

"Baba, baya ya fi girma."

"Shi ya sa na ba Yaya."

"Baba, ko ku zauna tare a bayan, Malam ya matsa hagu?"

"Mu biyu? Ni kaɗai ma ya aka ƙare?"

Abin da ya rage a faɗa guda ɗaya ne, kuma ba a faɗa wa suruki shi. Mutumin ya rufe ƙofar baya, ya buɗe ta gaba. Alhaji ya zauna. Hancin motar duka ya sauka, bayanta na dama ya ƙara yin sama. Malam Ɗalha yana kallon ƙeyarsu daga bisa.

Tudu na farko, bamba ta goga, ƙurrr. Tayar baya ta hau ta sauka, sabon sifirin ya yi aikinsa. Malam Ɗalha ya tashi, kansa ya taɓa rufi, ya dawo. Ya ciro hularsa ya duba, ya gyara mata kari, ya mayar.

Tudu na biyu, haka. Wannan karon bai mayar da hular ba, ya riƙe ta a cinya. Ya ce, "Isyaku, motar yaron nan tana da aljanu ne?"

Alhaji ya ce, "Da dai ba ta da su."

Tudu na uku, babban. Mutumin ya rage gudu har kamar ya tsaya. Ya karkata sitiyari ya hau a kaikaice. Bamba ta daki siminti ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi. Mota ta hau rabi ta zauna a kan cikinta. Ya ba ta wuta, taya ta juya a banza. Ya sa ribas, haka. Daga nesa aka fara jin huɗuba.

Alhaji ya ce, "Tsaya."

A tsaye suke, amma mutumin ya taka birki.

Alhaji ya fita. Aka sauko da Malam Ɗalha. 'Yan majalisa da ke shirin tafiya masallaci suka kewaye motar da dardumominsu a kafaɗa. Salihu yana cikin rufe shago, ya riƙo kwaɗo a hannu ya taho da sauri don ya taimaka.

Ya leƙa ya ce, "Ai dole. Alhaji, ba nan ne wurinka ba. Wurinka baya ne, an auna."

Mutumin ya ce, "Salihu."

Alhaji ya ce, "An auna me?"

"Kai, ranka ya daɗe. Ai aiki aka yi mai kyau. Jiya da aka ɗora ka, ko ƙis ba ta yi ba, har ruwa aka sa a kwano."

"Jiya ina gida."

"Wato madadinka. Malam, in buɗe shago a ɗauko su? Minti biyu ne. In aka sa su a baya za ta ɗago."

Alhaji ya ce, "A ɗauko su wa?"

Alhaji ya dubi Salihu, ya ci gaba da dubansa.

Salihu ya ce, "Buhu biyu ne da rabi na shinkafa." Ya ɗan tsaya. "Da jarkar mangyaɗa."

Mutumin yana kallon taya.

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya ciro wata takarda mai manyan baƙi. Ya ciro waya, ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Ya ce, "Nazeer, kana kusa? Ka zo gaban shagon Salihu ka ɗauke mu. E. Da ta sati mai zuwa ma. Duka dai."

Ya kashe waya ya mayar aljihu. Ya gyara babbar rigarsa, ya kama hannun yayansa. Har ya juya, sai ya tsaya ya waiwayo wurin surukinsa.

Ya ce, "Buhu biyu da rabi na yarda. Jarkar nan sharri ce."